Noman Ramar Gargajiya a Ƙasar Kabi: Daga Zaɓen Iri Zuwa Jiƙo da Shanya

A gefen gonar geron mahaifina, a ƙasar Jega, akwai kunyoyi huɗu da ba a shuka musu komai sai rama. Daga waɗannan kunyoyi ake samun ganyen kwaɗo tun farkon damina, daga cikinsu ake samun igiyar guga da ta ɗaurin jinka da dabaibayin jaki, kuma daga cikinsu ne kakata take ware irin baɗi, ta zuba a gora ta toshe bakin da tsumma. Yanzu igiyar roba ta cika kasuwa, mutane da yawa sun bar jiƙa rama, wanda kuwa ya bar jiƙo ba ya daɗewa yake barin ajiyar iri. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan jagora ke nan, domin irin da ya yi shekaru aru-aru yana sabawa da ƙasarmu da ruwanmu, idan ya fita daga gorar tsofaffi ba a shago za a same shi ba.

Abu na farko da ya kamata manomi ya riƙe shi ne, rama amfani uku take bayarwa: ganye, zare da iri. Kowanne da irin shukar da yake so, kuma kowanne da ranar girbinsa. Wanda ya ce zai sami ukun duka a jikin tsiro ɗaya, ya tsinki ganye yau, ya yanke kara gobe, ya kuma jira iri, zai tashi da kaɗan-kaɗan na kowanne. Saboda haka tun kafin a taɓa fartanya ake raba fili a zuci, a ce nan na miya ne, nan na igiya, can kuma na iri.

Sanin tsiron

Rama 'yar dangin kuɓewa ce da auduga da yakuwa, wadda mu a nan muka fi kira sure. Duk wanda ya dubi furenta zai ga dangantakar: fure ne mai faɗi, fari mai ratsin rawaya, da jan ciki mai duhu, yana buɗewa da sassafe ya rufe kafin yamma, kwana ɗaya tak. Asalinta Afirka ne, daga nan ta bazu zuwa Indiya da Sin, inda yanzu ake nomanta da yawa don buhu da takarda. Masana tsirrai suna kiranta Hibiscus cannabinus, kuma sun ba ta wannan suna ne saboda ganyen wasu nau'o'inta yana rarrabuwa kamar yatsun hannu har ya yi kama da ganyen wiwi. Kamar ta tsaya ga ido kawai. Rama ba ta da abin da ke sa maye, ganyenta tsami gare shi, yatsunsa kuma a haɗe suke daga gindi, ga fure irin na kuɓewa da ke raba gardama. Na kawo wannan ne don wanda zai shuka ta da yawa a bakin hanya ya san abin da zai nuna wa mai tambaya, tunda noman wiwi laifi ne babba a dokar Najeriya, kuma hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA da aka kafa a 1989 ba ta wasa da shi.

Halin rama da ya fi shafar manomi shi ne yadda take yin fure. Yawancin irin gargajiya ba ya ƙidaya kwanakinsa a ƙasa, tsawon yini yake dubawa. Muddin yini yana da tsawo, kara yake yi yana miƙewa. Da zarar yini ya ragu ƙasa da kamar awa 12 da rabi, wanda a wajenmu yake faɗowa daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, sai ya juya ga fure, tsawo kuma ya kusa tsayawa. Ma'anar wannan a gona a bayyane take. Ramar da aka shuka a tsakiyar Yuni tana da wata uku cur na miƙewa, tana iya kaiwa mita 3 ko fiye. Wadda aka shuka a ƙarshen Yuli za ta yi fure kusan lokaci ɗaya da waccan, amma da kyar ta wuce kafaɗar mutum. Mai neman zare ba shi da abin da ya fi shuka da wuri.

Samun iri da gwada shi

Irin gargajiya a hannun tsofaffin mata da masu tufkar igiya yake, ba a wurin masu sayar da magungunan gona ba. Idan ka je nema, kada ka tsaya ga karɓar ƙullin leda, ka yi tambaya: fara ce ko ja, ganyenta mai yatsu ne ko mai faɗi kamar tafin hannu, jikinta yana da ƙaya sosai ko kuwa santsi gare shi, kuma a bara aka girbe shi ko bara waccan. Farar rama mai koren kara ita na fi so don zare, saboda zarenta ya fi fitowa da haske. Ja kuwa mutane da yawa sun fi son ganyenta a kwaɗo. Akwai ingantattun nau'o'i kamar Ifeken 400 da cibiyar binciken aikin gona ta IAR&T da ke Ibadan ta fitar, da Cuba 108 da aka shigo da shi daga waje, kuma ba ni da abin zargi a kansu ga mai noman kasuwa. Sai dai wanda ya haɗa su a kunya ɗaya da irin gida, cikin 'yan shekaru ba zai ƙara gane nasa ba.

Irin rama yana da mai a cikinsa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, shi ya sa zafi da laima suke kashe shi da wuri. Irin da ya kwana biyu a buhu cikin ɗakin kwano yana iya zama da kyau a ido alhali ya mutu. Don haka mako biyu kafin shuka a ƙirga ƙwaya 50, a shimfiɗa su a tsumma mai laima, a naɗe, a ajiye a inuwa, ana yayyafa ruwa safe da yamma. Mai rai yakan fasa cikin kwana 2 zuwa 5. Bayan mako guda a ƙirga. Idan 40 ko fiye suka tsiro, irin yana da kyau. Idan 25 zuwa 39 ne, a ƙara yawan abin da ake zubawa a rami. Idan bai kai haka ba, gara a koma nema tun damina ba ta yi nisa ba.

Ƙasa da shiri

Rama tana son ƙasa mai zurfi wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, mai rairayi da ɗan laka a gauraye. Bakin fadama inda ambaliya ba ta kaiwa ya fi ko'ina, jigawa ma tana yi idan ta sha taki. Ƙaramar rama ba ta jure tsayuwar ruwa, kwana biyu zuwa uku a cikinsa sun isa su ruɓar da saiwarta, ko da yake idan ta girma takan daure. Ruwan sama na milimita 500 zuwa 600 cikin wata huɗu ya ishe ta, kuma daga Argungu har Yawuri da Zuru daminarmu tana ba da fiye da haka a yawancin shekaru.

Babban abin kiyayewa shi ne abin da aka noma a wurin bara. Akwai wata tsutsar saiwa, ƙarama ƙwarai har ido ba ya ganinta, wadda take sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, tsiron ya tsumbure, ya riƙa yin yaushi da rana ko da ƙasa na da laima. Tana yawaita a ƙasa mai rairayi, kuma tana rayuwa a jikin kuɓewa da tumatir da taba. Kada a bi waɗannan da rama. A bi gero ko dawa ko masara da ita, kuma kada a maimaita ta a wuri ɗaya shekara biyu a jere.

A watsa takin dabbobi da ya ruɓe tun bazara, a yi huɗa bayan ruwa ya sauka sosai. Ga mai son ƙarawa da takin zamani, buhu 4 na NPK 15-15-15 a hekta ɗaya lokacin shuka, sannan buhu 1 na yuriya bayan mako biyar, sun wadatar. A ƙaramin fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi, wannan ya zama kilo 2 na NPK da rabin kilo na yuriya. Kada a wuce gona da iri wajen yuriya, domin karan yakan yi laushi, iskar hadari ta kwantar da shi, kuma karan da ya kwanta ya lanƙwashe ba ya ba da zare miƙaƙƙe.

Shuka gwargwadon niyya

Ana shuka ne bayan an yi ruwa mai ƙarfi sau biyu ƙasa ta jiƙu har ƙasa, wato wajen tsakiyar Yuni a arewacin jihar Kabi, a kudanci kuwa tun ƙarshen Mayu. Zurfin rami kada ya wuce gaɓar yatsa ɗaya, santimita 2 zuwa 3. Irin da aka binne da zurfi yakan gaji kafin ya fito.

Ramar zare a cunkushe ake shuka ta. A bar santimita 30 tsakanin layi da layi, santimita 10 tsakanin tsiro da tsiro, wato faɗin yatsu huɗu zuwa biyar. Kilo 15 na iri ya isa hekta, gram 150 kuma ya isa ƙaramin filin da na ambata. Hikimar cunkoson ita ce kowane tsiro ya rasa hasken gefe, ya miƙe sama yana neman rana, ya ƙi yin reshe. Duk inda reshe ya fito a jikin kara, nan zare yake tsinkewa wajen ɓarewa, don haka kara siriri dogo mai kaurin babban yatsa ya fi kakkaura mai rassa daraja nesa ba kusa ba. Sabon manomi yakan ji tausayin tsiron ya ba shi fili, ya tashi da itatuwa masu ban sha'awa da ba su da zaren kirki.

Ramar ganye da ta iri kuwa fili suke so, santimita 60 zuwa 75 tsakanin layi, 30 tsakanin tsiro. A zuba ƙwaya uku a rami, bayan mako biyu zuwa uku a rage a bar ɗaya ko biyu. Abin da aka cire ba a zubarwa, shi ne kwaɗon farko na shekara, kuma babu ganyen da ya kai shi taushi.

Noman fari ana yinsa a mako na biyu ko na uku, maimai kuma a mako na biyar ko na shida. Bayan nan ramar zare ta rufe ƙasa, ciyawa ba ta ƙara samun rana, sai a bar ta.

Ƙwaron da ya fi damunta tana ƙarama shi ne ɗan mitsitsin nan mai tsalle da ke huda ganyen kuɓewa ya mai da shi kamar rariya. Idan bai yi yawa ba, tokar murhu da aka barbaɗa da sassafe a kan raɓa tana rage shi. Idan ya yi yawa, a daka 'ya'yan dogon yaro, kamar gram 50 a kowace lita ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace, a fesa da yamma. Wanda ya yi amfani da maganin feshi na kanti a ramar ganye, wajibi ne ya kiyaye kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalbar kafin ya tsinka, domin wannan ganye bakin 'ya'yansa za shi.

Ganye da busar da shi

Idan ramar ganye ta kai gwiwa, a tsinke kanta. Wannan yana sa ta fitar da rassa ta ko'ina, daga nan kuma ana iya tsinka duk bayan mako biyu har ta fara fure. Da safe ake tsinka bayan raɓa ta ɗauke, a ɗauki kan reshe da ganyaye masu taushi, a bar tsofaffin ƙasa su ci gaba da ciyar da tsiron. Ɗanyen ganye ana tafasa shi a zubar da ruwan farko don tsami ya ragu, a matse, a haɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da barkono da ɗan mai, shi ne kwaɗon da wasunmu suke kira ɗatu.

Ganyen ajiya kuwa kuskuren da aka fi yi shi ne shanya shi a tsakar rana a kan ƙasa. Rana mai zafi tana ƙona korensa ya koma ruwan ƙasa, ƙamshinsa ya tafi, ga ƙura da kaji. A wanke shi, a tsane a kwando, a baza shi sirara a kan tabarma mai tsabta ko zana da aka ɗaga daga ƙasa, a ƙarƙashin rumfa inda iska take ratsawa, ana juyawa sau biyu a yini, da magariba kuma a shigar da shi ɗaki don kada raɓa ta mayar da aikin baya. A tsakiyar marka busarwa tana da wuya, ganye yakan yi fumfuna kafin ya bushe, shi ya sa ajiya ta fi kyau daga ƙarshen Satumba lokacin da iska ta fara sauƙi. Kwana 3 zuwa 5 sun isa. Alamar ya yi ita ce ka damƙa ya ruguje da ƙara, launinsa kuma yana nan kore. A zuba a tukunyar ƙasa busasshiya mai murfi ko a roba mai rufuwa gam, a ajiye inda babu haske.

Yanka da jiƙo

A nan ne aikin shekara yake kyau ko ya ɓaci, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Lokacin yanka shi ne sa'ad da furanni na farko suka fara buɗewa a gonar, kamar kwana 100 zuwa 120 bayan shuka. Wanda ya yanka kafin haka zai sami zare mai laushi amma kaɗan kuma marar ƙarfi. Wanda ya jira har 'ya'ya suka ƙosa zai sami zare mai kaushi da ya manne wa kara, mai wuyar ɓarewa. Allah cikin ikonsa ya haɗa wannan lokaci da cikar tafkuna da kududdufai, ruwa yana da yawa kuma yana da ɗumi. Idan aka yi jinkiri har iskar hunturu ta fara kaɗawa a Nuwamba, ruwa ya yi sanyi, jiƙon da ya kamata ya ƙare cikin mako biyu sai ya ci uku ko fiye, kuma ba ya nuna daidai.

A sare da adda dab da ƙasa, a sa riga mai dogon hannu saboda ƙananan ƙayoyin jikin karan. A ware masu kauri gefe, sirara gefe, domin ba rana ɗaya suke nuna a ruwa ba. A ɗaure dami-dami, kowanne kada ya wuce abin da hannu biyu za su kewaye, kuma ɗaurin ya zama sako-sako yadda ruwa zai shiga tsakiya. A jingina damman a tsaye kwana 2 zuwa 3 ganye ya kaɗe. Ganyen nan awaki da tumaki suna sonsa ƙwarai, kuma idan aka bar shi ya shiga ruwa sai ya ruɓe ya ɓata launin zare.

Abin da ke faruwa a cikin ruwa shi ne, wasu ƙananan halittu suna cinye danƙon da ya haɗa zare da ɓawo da kara, su bar zaren shi kaɗai. Idan ba su gama ba, zare yana fitowa da ɓawo manne a jiki. Idan suka gama aka bar su, zaren da kansa suke komawa ci. Gindin kara ya fi kai kauri da tauri, saboda haka a fara tsayar da damman a ruwa mai zurfin gwiwa, gindi a ƙasa, na kwana 2 zuwa 3, sannan a kwantar da su gaba ɗaya. A jera su gefe da gefe, a gicciya busassun itatuwa a kai, a danne da duwatsu har ruwa ya rufe su da kamar faɗin tafin hannu. Kada su taɓa lakar ƙasa, kada kuma wani sashe ya leƙo waje. Kada a danne da laka ko da ɗanyen icce, musamman bagaruwa da mangwaro, domin ruwan jikinsu yana rina zare ya yi baƙi, kamar dai yadda bagaruwa take yi a wurin majema.

Ruwan da ya fi kyau shi ne mai tsabta mai tafiya a hankali, kamar ɗan reshen gulbi ko bakin fadama. Amma a nan akwai haƙƙin jama'a. Ruwan jiƙon rama yana wari, yana kuma ƙwace iskar da kifi yake shaƙa, a ƙaramin tafki yana iya kashe kifi gaba ɗaya. A ƙasar da masunta suke rayuwa da ruwa kamar tamu, ba daidai ba ne mutum ya zuba damman rama a tafkin da ake sha ko ake shayar da dabbobi ko ake su. A nemi kududdufin da ba a amfani da shi, ko a haƙa rami a gefen fadama a ja ruwa a ciki, in an gama a juye ruwan a gona, domin taki ne. Mai shiga ruwan kuma ya sa dogon takalmin roba, saboda tsargiya a irin waɗannan ruwaye take, ta fata take shiga, kuma duk wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan aikin jiƙo ya tafi asibiti, maganinta yana nan.

A ruwa mai ɗumi jiƙo yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14, amma kada a dogara da lissafi. Daga kwana na takwas a riƙa zuwa kowace safiya, a zaro kara ɗaya daga tsakiyar dami, a murza gindinsa da babban yatsa. Idan ɓawon ya saluɓe cikin sauƙi, zaren ya rabu sili-sili kamar gashin da aka taje, kuma ka ja sili ɗaya ka ji yana da ƙarfi, to ya nuna, a fitar a ranar. Shekarar da na fara jiƙo ni kaɗai, na duba a rana ta goma na ga da saura kaɗan, sai tafiyar biki ta ɗauke ni kwana huɗu. Da na dawo na ɗaga dami, zaren ya fito fari tas mai santsi, har na yi murna. Da ya bushe na ba wani dattijo mai tufka a unguwarmu, ya naɗa sili a yatsa ya ja, ya tsinke ba tare da ya yi wani ƙarfi ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ruwa ya riga ka cin rabonka." Dami goma sha ɗaya suka tafi a haka. Tun daga ranar na gane gara a fitar da saura kwana ɗaya da a ƙara kwana ɗaya.

Ɓarewa a bakin ruwa ake yi. A ɗauki kara biyar ko shida, a bubbuga gindinsu da ɗan icce har ɓawo ya saki, a karya karan kamar kamu ɗaya daga gindi, a naɗa zaren a hannu, a riƙa fizga ana kaɗawa cikin ruwa har sauran karan ya zame ya fita. Sannan a wanke zaren a ruwa mai tsabta, ana kaɗa shi ana tsefewa da yatsu har santsi da ɓawo su fita sarai, a matse, a rataya a kan gora ko igiya a rana kwana 2 zuwa 3. Kada a shanya a ƙasa. Zaren da ya bushe sosai yana da sheƙi, ba ya sanyi a tafin hannu, warin jiƙo kuma ya tafi. A naɗe shi kitse-kitse a rataya a rumbu ko a ɗaki nesa da bango, saboda gara da laima. Kada yawan damman ya ruɗe ka: kilo 100 na ɗanyen kara ba ya ba da fiye da kilo 4 zuwa 6 na busasshen zare.

Wanda ba shi da ruwa kusa yana da wata hanya. A ranar da aka yanka, tun kara yana ɗanye, a ɓare ɓawon da hannu daga gindi zuwa kai, a nannaɗe shi kamar gammo, a jiƙa a rabin ganga ko randa. Wannan ya fi sauri, mako guda zuwa kwana goma, kuma ruwan da yake ci kaɗan ne. Idan kuwa don ɗaurin darni ko jinka ko damin hatsi ake so, ba sai an jiƙa ba, a shanya ɓawon yadda yake, ranar aiki a tsoma shi a ruwa ya yi laushi. Fararen karan da suka rage a jingina su su bushe, suna kama wuta nan da nan, matan gida ba sa bari su yi kwana a waje.

A shekarun 1960 an kafa masana'antun buhu a Jos da Badagiri da niyyar su dogara da zaren rama na gida, kuma har yau ƙasar nan tana sayo buhunan zare daga waje don zuba koko da kashu da ake fitarwa. Ban kawo wannan don in sa wa kowa rai da kasuwa ba. Wanda zai noma hekta guda don sayarwa ya fara samun mai saye kafin ya shuka. Wanda zai noma kunya huɗu kuwa masu sayensa suna cikin gidansa.

Ware irin baɗi

Ramar iri ba a tsinkar ganyenta sosai, ba a kuma yanke kanta. Fure yawanci kansa yake yi wa barbara, amma ƙudan zuma suna ɗaukar garin fure daga wani tsiro zuwa wani, don haka idan kana da fara da ja, ko maƙwabcinka ya shuka irin kamfani, a nisanta su gwargwadon iko, ko a sa gonar dawa a tsakani. Da kuɓewa ko sure kuwa ba ta gaurayuwa, ko da kunya ɗaya suke.

Tun kafin fure a zaga fili a tuge duk tsiron da ya saɓa wa sauran a launi ko ganye, da wanda ya tsumbure. Sannan a zaɓi masu kyau daga tsakiyar fili, dogaye miƙaƙƙu masu lafiya, a ɗaura musu jan ƙyalle don kada yara su taɓa. Kada a ɗebi iri daga tsiro biyu ko uku kawai komai kyansu, a ɗeba daga 30 zuwa sama, domin ƙarfin irin gargajiya yana cikin ɗan bambancin da ke tsakanin 'ya'yansa, wani ya jure fari, wani ya jure ƙwari.

'Ya'ya suna nuna kamar mako biyar zuwa shida bayan fure, daga ƙasa zuwa sama. Idan aka ga jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi da ke bin auduga ya taru a kansu, a kakkaɓe shi cikin bokitin ruwan sabulu, don tsotse iri yake yi. Idan ƙwansunan ƙasa da na tsakiya suka bushe suka yi ruwan ƙasa, a yanke tsiron ba tare da jiran na sama ba, domin irin gida yana fashewa ya zube. Da sassafe ake yanka, raɓa ta riƙe bakin ƙwanso. A jingina a kan tamfol mako guda, sannan a buga da sanda. Ƙwanson rama yana da gashi mai ƙaiƙayi da ke shiga fata da ido, saboda haka a rufe hanci da baki, a juya wa iska baya, a kuma kori yara daga wurin. A sheƙe, a tsince ƙwayoyin da suka motse ko suka yi fari, a bar masu cika masu ruwan toka mai duhu.

A ƙara shanya irin a inuwa kwana uku ko huɗu, har ka ciza ƙwaya ka ji ta fashe ƙaras maimakon ta lotse. A gauraya shi da tankaɗaɗɗiyar toka mai sanyi, kamar cikin hannu ɗaya a kowace tiya, a zuba a gora ko kwalba busasshiya, a cika ta har wuya don iska ta yi kaɗan, a toshe gam. Ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa ya fi ɗakin kwano sanyi, can ya kamata ya zauna. A raba shi gida biyu a ajiye a wurare daban, ko a ba wani ɗan'uwa rabi ya riƙe, saboda ɓera da gobara. A rubuta sunan irin da shekarar girbi a jikin kwalbar, kuma ko ba a bukatar igiya a wannan shekara, a shuka ko da kunya ɗaya ce idan damina ta sauka, domin irin rama da ya tsallake damina biyu a ajiye yawancinsa ba ya tashi.